Kabarin Janar da Kabarin Malam

Mun tashi da asuba ranar Lahadi, ni da ɗana da matarsa, gari bai gama wayewa ba. Ku da kuka san ni kun san ba ni da ƙafar yawo. A Kano ma sai in yi wata ban leƙa bakin titi ba, in dai da gawayi da gishiri a gida. Wata biyar na yi a New York, a unguwar da suke kira Morris Heights, amma in aka ɗebe asibiti da masallacin ƙasan benenmu, abin da na sani na garin bai wuce abin da taga ke nuna mini ba. Wannan fitar kuwa ni na nace a yi ta. Malam ya rasu a ƙasar nan shekara uku da suka wuce, bayan ya daɗe yana kasa kaya a bakin titi. Aka binne shi a hayin kogi, wajen da ake kira New Jersey, ni kuma ina Kano aka gaya mini ta waya. Na yi takaba ban ga ko makara ba. Jirgina na komawa gida washegari ne, Litinin. Na ce ba zan hau shi ba sai na tsaya a kan kabarin mijina na yi masa addu'a.

Tun zuwana nake wannan roƙo. Yaron nan tasi yake ja, kuma kullum da uzurinsa. Yau aiki, gobe ruwan sama, jibi a bari ya tambayi malamai ko mace na zuwa makabarta. Na ce masa na riga na tambaya tun a gida, an ce babu laifi in ba kururuwa za a je yi ba. Ni dai Allah ya ba ni kunne. Duk sanda na ɗauko zancen sai muryarsa ta yi ƙasa, irin ta yaron da aka aika ya ɓarar da manja a hanya. Na san da wani abu, ban dai san mene ne ba.

Motar da yake ja ba tasa ba ce, su biyu ke karɓa-karɓa, ranar Lahadi tana hannun ɗayan. Don haka aka yi da wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, wanda Malam ya koya wa kasa kaya lokacin da ya zo baƙo, cewa zai kai mu a motar kayansa. Sharaɗinsa ɗaya, mu same shi a titin 125 da sassafe.

Unguwar tasu kan tudu take, sai ka yi ta gangarawa kafin ka kai tashar jirgin ƙasa, in ka kai kuma jirgin a sama yake, sai ka sake hawa. Gwiwata ta fara ƙorafi tun ba a je ko'ina ba. Kuɗin shiga dala biyu da 'yan kai. Na fara mayar da shi naira a zuciyata, surukata ta hango bakina yana motsi ta ce, "Mma, ki bar lissafin nan, hawan jini yake kawowa." 'Yar Zongon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma bakinta ba ya ajiye magana. A cikin jirgin kusan kowa barci yake. Waɗanda suka kwana aiki suna komawa gida, wasu da kayan asibiti a jikinsu, wani ya rungume jakarsa kamar jariri. Ba mai gaida wani. Na yi sallama da na shiga, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma ido a rufe. Can jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa, kunnena ya toshe, na yi ta salati har muka fito.

Titin 125 faɗi gare shi kamar hanyar Zariya, da kantuna hagu da dama duk a rufe. Masu tebur sun fara kasa kaya: man kaɗanya a robobi, sabulun salo, turaren tsinke, huluna da safar hannu saboda sanyi ya fara shigowa. Ɗana ya tsaya a gaban wani kantin takalma ya ce, "Hajiya, nan teburin Baba yake." Wani Basanagale ne a wurin yanzu, yana jera rigunan waya. Na tsaya ina kallon simintin. Faɗin wurin bai kai tabarmar sallah biyu ba. Daga nan aka gina gidan da nake ciki, daga nan aka aurar da 'yan matanmu. Na gaida mai teburin, ya amsa da fara'a bai san ko ni wace ce ba.

Muka sayi shayi a wajen wani mai keken abinci, dala ɗaya kofi, ruwa ne kawai aka nuna wa ganye. Surukata ta buɗe kular da ta zo da ita, shinkafa da wake irin nasu da baƙin yajin nan mai kifi, muka ci a tsaye a jikin bango kamar 'yan tasha. Sai ga waya daga mutumin Maraɗi. Ya tafi titin Canal ɗauko kaya, mai shagon bai buɗe ba, sai dai mu yi haƙuri zuwa hantsi. Na ga ɗana ya sauke numfashi, kamar wanda aka ɗaga wa ranar shari'a.

Sanyi yana shiga ƙashina, ga babu wurin zama. Surukata ta ce tunda ranar ziyarar kabari ce, bari ta kai ni in ga wani kabari da ke kusa, a bakin kogi. Akwai wani tsohon Bature da ta yi wa aiki, kullum sai ta tura shi a kekensa zuwa wurin ya sha iska, shi ya ba ta labarin har ta haddace. Muka hau bas zuwa ƙarshen titin, muka sake hawa wani tudun a ƙafa. Garin nan ban san wanda ya ce musu a kan duwatsu ake kafa gari ba.

Daga nesa na ɗauka masallaci ne. Wata doguwar farfajiya ce da itatuwa a jere hagu da dama, ganyensu ya yi ja yana zuba, a ƙarshenta ga gini fari tas na dutse. Ƙasansa murabba'i ne, da manyan ginshiƙai a gaba waɗanda mutum biyu ba za su rungume ɗaya ba. A samansa an ɗora wani zagayayyen gini da nasa ginshiƙan, sannan aka rufe da ƙubba mai tsini kamar murfin kwanon tuwo. Tsayinsa sai da na riƙe ɗankwalina kafin na ga ƙarshe. Mikiya biyu na dutse suna tsaron matakala. A gefe kuma an zagaye shi da wasu kujerun siminti masu lanƙwasa, an manna musu fasassun tangaran kala-kala, da zanen tsuntsaye da motoci har da tasi. Surukata ta ce mutanen unguwa da yaransu ne suka yi su daga baya. Ni dai na gode musu, don a nan na fara zama tun da muka bar gida.

A zaune ta ba ni labarin mai kabarin. Wani janar ne na zamanin da, lokacin da ƙasar ta rabu biyu ana yaƙi a kan bauta. Ɓangarensa ne ya yi nasara aka 'yanta bayi, daga baya aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Da ya sauka wani abokin kasuwanci ya cuce shi ya tashi ba shi da komai, ga ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. Haka ya zauna yana rubuta tarihinsa, ba ya iya haɗiyar ruwa sai da azaba, don matarsa ta sami abin ci bayansa. Yana gamawa ba da jimawa ba ya cika. Ginin ma ba gwamnati ce ta biya ba, karo-karo jama'a suka yi, mai ɗan kaɗan da mai yawa, aka yi shekaru ana tarawa, shi kuwa yana ajiye a wani ɗan ɗakin bulo a nan kusa yana jira.

"To me ya kawo shi bakin kogi?" na tambaye ta. "Ba su da makabartar sarakuna?"

"Akwai ta sojoji, Mma, amma an ce ba a sa mata a can. Shi kuma ya ce duk inda za a sa shi, sai an bar wa matarsa wuri a gefensa."

Ɗana kuwa yana can gefe. Yana tsaye ya ba mu baya, yana kallon hayin kogi.

Na ja ƙafa na hau matakalar, surukata na riƙe da hannuna. A bakin ƙofa na tuɓe takalmina na ajiye gefe, yadda ake yi a hubbaren bayin Allah a gida. Wani ma'aikaci mai faffaɗar hula ya biyo ni da su a hannu yana murmushi, yana magana a hankali. Surukata ta ce wai in sa abina, ba a tuɓewa. Kafin in gama jin fassarar ma tafin ƙafata ya riga ya ba ni amsa, don dutsen ƙasan kamar ƙanƙara yake. Shiga kyauta ne, wannan kam ya ba ni mamaki a garin da ko ruwa sai ka saya.

Ciki shiru, sai ƙarar takun mutane tana komawa sama tana dawowa. Bango da ƙasa duk farin dutse ne mai santsi, tagogin kuma ruwan zuma, hasken da ke shigowa sai ka ce la'asar ce sakaliya ko da hantsi ne. In ka ɗaga kai, cikin ƙubbar ya yi zurfi kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya. A tsakiyar ɗakin an bar wani zagayayyen rami mai faɗi da ɗan bango iya ƙugu, kamar bakin rijiya. Na dafa na leƙa. Can ƙasa ga manyan akwatuna biyu na jan dutse, suna sheƙi, kai da kai, babu wanda ya fi wani girma. Shi da matarsa. A jikin bangon da ke kewaye da su an yi 'yan taska an ajiye kawunan tagulla na manyan yaransa na yaƙi, suna kallon ubangidansu. Ba a cikin ƙasa aka sa su ba, a cikin akwatunan suke a sarari. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu dai mun san ƙasa ce ke rufa wa mutum asiri.

Muna nan sai ga mutumin Maraɗi ya shigo neman mu, yana haki, ashe surukata ta gaya masa inda muke ta waya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini gaisuwar Malam kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ya leƙa ramin ya ce, "Bon, Inna, wanga ai kwaikwayo na. A lakkal, makarantar boko ke nan, an gwada muna hoton na wani babban sarkin Faransa da ya ci ƙasashe da yaƙi. Shi ma haka aka yi mishi, jan dutse cikin rami, don kowa ya zo kallo dole shi sunkuyar da kai." Surukata ta ce haka tsohonta ma ya faɗa, daga can aka ɗauko fasalin. Na duba kuwa, duk wanda ke wurin kansa a sunkuye yake, har wani mai gajeren wando da kare a waje yana jiransa. Ta ƙara da cewa akwai lokacin da aka yi watsi da ginin, 'yan shaye-shaye suka mayar da shi wurin kwana, aka ɓata bangon da fenti, sai da zuriyar janar ɗin suka yi barazanar ɗauke shi kafin aka gyara. Ashe ko dutse sai da mai dubawa.

Da muka fito surukata ta nuna mini hayin kogin, wasu duwatsu da gidaje a kansu. Ta ce can ne New Jersey. Na ce to a je, rana tana yi.

Motar kaya ce, kujera a gaba kawai. Aka ba ni gaba, ɗana da matarsa suka zauna a baya a kan kwalayen huluna. Muka hau wata gada mai hawa biyu, doguwa har na gaji da riƙe numfashi, ruwa a ƙasa kamar ba shi da iyaka. Mai motar ya ce fita kyauta ne, a dawowa ake karɓar kuɗi, kuma kuɗin ya isa cefanen yini. Daga nan sai hanya, faɗi kamar filin idi, babu rami ko ɗaya, babu mai tallar ruwa, babu akuya. Tun ina kallon itatuwa har barci ya ɗauke ni. Na farka wuyana ya ƙage, azahar ta yi, muna bakin wata makabarta.

Ban taɓa ganin irinta ba. Ciyawa ce shimfiɗe kore shar, an aske ta kamar kan ango. Muka wuce ɓangaren Kirista da duwatsunsu a tsaye, muka kai na Musulmi can ƙarshe. A nan na tsaya na yi sallama ga mutanen wurin gaba ɗaya, yadda aka koya mana, na roƙa musu gafara. Sannan na duba ban ga tudun kabari ko ɗaya ba. Duk an baje su daidai da ƙasa don injin yankan ciyawa ya wuce. Wasu da ɗan allon dutse a kwance da suna a kai, wasu babu komai, sai dai ka ga ciyawar ta ɗan canza launi.

Ɗana ya yi gaba, muka bi shi. Ya tafi ya dawo. Ya sake tafiya ya tsaya yana waige-waige. Daga nan na gane abin da ke cikin muryarsa duk watannin nan.

"Hajiya," ya ce, bai kalle ni ba, "ranar da aka binne shi ƙanƙara ta rufe ko'ina. Akwai wata bishiya da na riƙe a matsayin alama. Ban gan ta ba."

Ashe ba a sa wa Malam dutse ba. Da aka yi rasuwar dattawan masallaci suka ce a yi yadda ake yi a gida, ba a gini a kan kabari, ba a rubutu. Gaskiya suka faɗa, haka muke yi. Amma a gida akwai tudun ƙasa, akwai guntun tukunya a wajen kai, akwai tsofaffin da ke haƙa waɗanda za su ce maka wane yana nan kusa da wane, kuma duk Juma'a wani naka zai bi ta wurin. Nan kuwa ɗan ƙarfen da masu jana'iza suka soka ya daɗe da bin injin ciyawa, an sare bishiyar an ƙara layuka, yaron nan kuma tun ranar bai sami komawa ba, yana kan titi dare da rana. Ofishin makabartar a rufe, Lahadi ce.

Mutumin Maraɗi ya ce shi ma yana wurin ranar, kuma ya tabbata kusa da shingen waya ne ta dama. Ɗana ya ce a'a, ta hagu ne, don ya tuna rana tana dukan fuskarsa. Suka yi ta auna ƙasa da ƙafa, kowa ya tsaya a kan nasa wurin, tsakaninsu kamar faɗin tsakar gida. Can na ga kafaɗun ɗana suna rawa. Ɗan fari ne, ban saba ko kallonsa ido cikin ido ba, balle rarrashi. Ga gajiya, ga ƙafata ta kumbura. Na yi niyyar faɗa, na duba na ga ba ni da ƙarfinsa, kuma ban san wa zan yi wa ba.

Na ce da surukata ta shimfiɗa mini mayafi. Na zauna a wurin da ɗana ya nuna, na karanta abin da na iya, na yi wa Malam addu'a, na gaya masa labarin gida, wa ta haihu, wa ya rasu, rufin ɗakin baya da aka gyara. Sannan aka ɗaga ni na koma wurin mutumin Maraɗi na maimaita duka tun daga farko, ban rage komai ba. Da na gama na ce da surukata, yadda mijinta zai ji, "Ki gaya masa ya tashi haka nan. Gobe in ya kai ni filin jirgi ya wuto nan ya tambayi masu wurin. A sa ɗan dutse a kwance irin na maƙwabtansa, ba gini na ce ba. 'Ya'yanku ko Hausa ba sa mayarwa, wa zai nuna musu?"

A dawowa mai motar ya yi tsaki a wajen biyan kuɗin gada. Cunkoso ya riƙe mu har magariba ta kusa. Muka iso gida lifta ta lalace, na hau benen nan ina hutawa a kowane hawa. Surukata ta dafa ruwa ta zuba gishiri na tsoma ƙafafuna, jikokina suna tambayata da Turanci ina na je, na ce musu wajen kakanku.

Yau kwanana kaɗan da dawowa Kano, gajiyar ba ta sake ni ba tukuna. Abin da tafiyar nan ta koya mini, al'adar da ta yi daidai a gida tana tafiya ne da mutanen da ke riƙe ta, in ka ɗauke ta ka kai inda babu su, sai ka duba abin da zai tsaya a madadinsu. Ban yi wa Malam sha'awar ƙubba ba, shi da bai yarda a yi wa zaurensa fenti ba. Tafin hannu ɗaya na dutse ya ishe shi.

Shekaranjiya yaron nan ya bugo waya, muryarsa ta dawo daidai. Ya je, an nuna masa, an kuma ba da aikin dutsen. Ba wurin da ya nuna ba ne, ba kuma na mutumin Maraɗi ba, can layin baya ne, inda ko kallo ban kai ba. Wato wasu bayin Allah biyu da ban sani ba sun sha addu'a, sun kuma ji labarin rufin ɗakinmu. Allah ya kai musu ladan. Masu zuwa yi mini sannu da zuwa suna tambaya ko na ga kabarin. Ina ce musu ban gan shi ba, amma na yi sallama a bakin wurin da murya sosai, kuma Malam bai taɓa rasa gane muryata ba.